Ƙofar Baya ta Dama

Har gobe ban manta da ranar da aka canza mana kwamanda ba, a shekarun kriz ɗin nan na tsadar rayuwa, da shinkafa ta zama abincin baƙo a unguwar New Bell. Ina kofur a lokacin, direban Janar mai kula da sojojin yankinmu.

Ku sabbin shiga, ku san ƙa'idar. Tun daga babban hafsan ƙasa har ƙasa, mota ta kujera ce. Mai barin gado ya zo fareti a cikinta, ya miƙa tuta, magajinsa ya tafi a cikinta. Shi kuwa direban tsohon, yawanci can nesa ake cilla shi. Ni ga mata da 'ya'ya a Kassalafam, ga mahaifiyata ba ƙafa. Wallahi tsoro nake ji.

Aka yi fareti, aka miƙa tuta, aka busa bigila. Ina tsaye ƙyam a ƙofar baya ta dama ina jiran sabon. Sai ga tsohon Janar ya nufo ni, hularsa a hammata, kamar kullum. Kai! Ƙafarsa ce ta kawo shi, ya manta motar ta bar hannunsa. Ga bataliya guda tana kallo, ga sabon a bayansa.

In na buɗe, na raina sabon ubangida. In na ƙi, na tozarta mutumin da ya zo har zaurenmu ranar sunan ɗana.

Sai na saki ƙofar, na tako gaba, na ƙame na sara masa, na miƙa hannu biyu, na ɗaga murya: “Mon Général, na gode da ka tako ka yi mini sallama!”

Ya yi turus. Ya dubi motar, ya dube ni, sai ya kama hannuna ya rungumo ni, yana dariya ƙasa-ƙasa. “Ɗan banza, Sale,” ya ce a kunnena, “saura kaɗan in shiga.” Sojoji suka ɗauki tafi, wai Janar bai manta da direbansa ba.

Na ɗauki sabon. Muka kama hanya har muka kusa gadar kogin Wuri. Can ya ce, “Kofur, na ga abin da ya faru.”

Na ce, “Ranka ya daɗe.”

“Ba inda za ka. Ni ma ranata na zuwa, kuma kai nake so in tarar a bakin ƙofar nan.”

Da la'asar na shiga unguwa da ƙunshin tsire, ina ihu tun daga bakin layi, har Inna ta ce ko na zautu ne. Farin ciki ne kawai.

Manyan nan da kuke tsoro, sun san hawa sarai, sauka ce ba wanda ya koya musu. Da ranar saukar Janar na biyun ta zo, shi ma ƙafarsa ta fara kawo shi. Ya hango na saki ƙofar, sai ya miƙo hannu tun daga nesa.