Ganyen da ke Jikin Kwalbar Malami

Shekara ashirin da takwas Malami Gambo ya yi yana aiki a hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma yawancin aikinsa ƙona wiwi ne. In an kama buhuna, shi ke tsayawa a bayan gari har su zama toka. Yakan ce ko daga nesa ya hango ganyen nan mai yatsu, zai gane shi.

Da ya yi ritaya ya zauna gidansa na unguwar Minanata yana kiwon raguna. Lafiyarsa ƙalau, in ban da kirci da ya kama masa ƙwauri. In zafin Sakkwato ya tsananta, har a sahun salla susa yake yi. Matarsa Iyatu ta gwada masa sabulun salo, ta dafa ganyen darbejiya, abin ya ƙi.

Ana nan sai Jafar, ɗan ƙanensa da ke karatu ƙasar waje, ya zo hutu, ya kawo masa tsarabar 'yar kwalbar man shafawa. A lokacin tabaran Malami ya karye, don haka bai ga komai a jikin kwalbar ba sai wani ɗigon kore. Mako biyu yana shafawa safe da yamma. Susa ta ragu, har ya riƙa ɗage wando a majalisa yana nuna wa abokai.

Ranar da ya karɓo sabon tabarau, ya ɗauki kwalbar zai shafa, sai ya tsaya cik.

"Iyatu! Zaka ki gani. Wane ganye na wanga?"

Ta leƙa. "Ba rama ba ce, Malam?"

"Rama? Ni za a gaya ma rama? Wiwi na! Mako biyu ina shafa wiwi ina tafiya masallaci!"

Iyatu ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Ya kira ɗiyarsa Rukayya, wadda ta karanci harhaɗa magunguna take aiki a wani kemis a Ƙofar Atiku. Ta zo ta karanta rubutun a tsanake.

"Baba, kwantar da hankalinka. Tsiron nan sinadarai gare shi da yawa. Mai sa maye daban yake, kuma sun rubuta babu shi a ciki. 'Ya'yansa aka tatsa, kamar yadda ake tatsar man riɗi."

"To shi ya warkar da ni?"

"Yana tausasa fata, wannan kam. Wasu masana na ganin akwai sinadarin da ke rage ƙaiƙayi, amma bincike bai ƙare ba. Wataƙila ma maiƙo kawai fatarka take nema, ka daɗe kana hana ta."

"A ƙasarmu fa, doka ta yarda da shi?"

"Inda Jafar yake a kanti ake sayarwa. Nan kuwa ka fi ni sanin doka."

Washegari ya naɗe kwalbar a leda, ya hau babur, ya kai ta tsohon ofishinsa da kansa. Yaran da ya koya wa aiki suka taru, ya ba su labari tiryan-tiryan, bai ɓoye ko ɗage wandon ba. Suka yi ta ƙyaƙyatawa, shi ma daga baya ya taya su. Rukayya ta kai shi wurin likitan fata, aka ba shi magani, aka ce ya riƙa bi da man kaɗe bayan wanka. Kafin damina ƙwaurin ya yi sumul.

Ra'ayinsa kan masu busa wiwi bai canza ba ko kaɗan. Amma yanzu duk Juma'ar da Rukayya ta zo gaisuwa, sai ta zauna ta fassara masa abin da ta karanta game da tsiron. Yana saurara, yana musu, wani lokaci ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Karanta min wurin nan kuma, a hankali."