Karatun da Na Yi a Gindin Mangwaro

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ina aikin ungozoma a likitar Tounouga, wato ɗan asibitin garinmu, ina kuma da burin ƙaro ilimi kan ceton jariran da ake haifa ba sa numfashi. Zuwa Yamai bai taso ba: ga yara uku, ga maigidana da gonar shinkafarsa. Sai na nemi karatu daga nesa, ta waya.

Makarantu biyu na samu. Ta farko mai araha ce, suna turo takardu ka karanta, ka amsa tambayoyi, dipulom ya fito. Ita na fara shiga. Wata guda na yi, ban ji muryar mutum ba. Ranar da na amsa wata tambaya ba daidai ba da gangan, aka rubuto mini "madalla", na san inda na dosa ba hanya ba ce.

Ta biyun tana da tsada, amma akwai malama, wata tsohuwar ungozoma a wata ƙasa, da ke koyarwa kai tsaye ta bidiyo. Na faɗa wa maigida muna cin tuwon rana. Sai ya tambaye ni:

"Wannan ta biyun, za su ga hannunki?"

"Za su gani, Malam."

"To ita za ki yi. Mai arahar ai irin da ba ya tsira ne."

Buhun shinkafa biyu ya kai kasuwar Gaya.

Ashe kuɗin makaranta ba su ne matsalar ba. An rufe gadar kan iyaka, kaya sun yi tsada, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke. Bidiyon awa guda yana cinye forfen intanet da zai kai ni sati. Rezo kuma, wato sabis ɗin waya, sai a bakin kogi, gindin wani mangwaro inda masunta ke gyaran taru. Nan nake zama bayan la'asar, fuskar malama tana daskarewa baki a buɗe, masunta na tambayata ko ta suma.

Sati na uku na rubuta mata. Na ce, Malama, ni a ƙauye nake, bayaninki kunne yake bukata, ba ido ba. Ki turo mana shi da murya kawai, mu saurara lokacin da muka samu dama. Bidiyo a bar shi ga aikin hannu, minti goma ya isa. Na tura ina jin nauyi, don ban san ko zai zama rashin kunya ba.

Washegari ta amsa. "Ƴata, kin yi gaskiya. Na ga ɗalibai suna raguwa, ban san dalili ba." Daga nan darasi ya koma yadda na roƙa. Wasu da suka ɓace daga aji suka dawo, har wata daga can gabas ta aiko mini gaisuwa.

Minti goman nan kuwa ba wasa a ciki. Na ɗinka ƴar tsana da tsumma, na cika ta da yashi daidai nauyin jariri. Nakan jingina waya a saiwar mangwaro in durƙusa in gwada. "Kin tanƙwara wuyan da yawa," in ji ta. "Sake." Rana ɗaya sau bakwai na sake, har wani tsohon masunci ya ce matar nan ta fi soja tsanani.

Kafin in gama karatun aka kawo wata Bazabarma cikin kwalekwale, da hantsi, naƙuda ta yi tsawo. Ɗan ya fito shiru, jiki sake. Na goge shi, na daidaita kansa, na ɗora masa abin hura iska. Ina ƙirgawa a zuci har ƙirjinsa ya ɗaga da kansa, ya saki ƙaramin kuka kamar na ɗan akuya. Kakarsa ta kama zanena tana ta addu'a da Zabarmanci.

Da yamma na aika wa malama saƙon murya na ba ta labari. Ta saka shi a aji, ta ce kowa ya saurara.

Yanzu duk ranar Laraba ungozomomin ƙauyukanmu shida suna zuwa likita, ina koya musu da hannu. Biyu daga cikinsu sun girmi mahaifiyata, kuma in na ce su sake, suna sakewa.