Ranar da Aka Sa wa Murhun Malam Gas

Ban iya rubutu ba. 'Yar ƙanwata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga na yi shiru ta jira ni, don har yau ba na iya zancen Malam, mijina, ban share hawaye ba. Allah ya jiƙansa.

A unguwar Ka'akiyya ta Makka muke zaune, a wata tsohuwar imara, wato gidan bene na haya. Ɗakinmu ne na can sama, daga shi sai sutuh, wato saman benen inda ake shanya. A nan Malam ya gina mini murhu. Magini ne, ya yi ta tsinto jan bulo daga wuraren aiki har suka isa, ya kwaɓa laka da kansa. Gini ne sosai, ya kai mini ƙugu. A sama akwai baki inda babbar tukunya ke nitsewa har wuya, a ƙasa kuma ƙofar da ake tura itace. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutanenmu masu aikin gini da masu dako a tashar Kudai sukan hawo su ci tuwo da miyar kuka da romon kan rago. Guntayen katako suke kawo mini, da su nake girki.

Da Malam ya rasu na fita takaba, sai na koma gaban murhun. A duk faɗin Makka nan ne wurin da nake zama in ji kamar ya sauka ƙasa ne zai dawo.

Mai imarar wani dattijon Balarabe ne, ba shi da mugunta. Amma sababbin 'yan haya sun kai masa ƙara cewa shanyarsu na warin hayaƙi, shi kuma yana tsoron gobara. Ya hawo yana haki ya ce mini, "Ya Hajja, mafi duhan." Ba ya son hayaƙi ke nan. Zai dawo wata Juma'a kafin azumi ya duba. In ya ga hayaƙi, zai turo a rushe murhun.

Na yi kuka har maƙwabta suka ji.

Malam yana da ƙane, shi ma yanzu furfura ta cinye masa gemu. Aikinsa haɗa gas a gidajen abinci na Kudai. Tun ina amarya muke wasa da shi, kamar yadda ake yi da ƙanin miji. Ya zo ya same ni ido ya kumbura.

Ya ce, "Matar yaya, wa ya taɓa mini ke?"

Na ce, "Kai da ba ka da amfani, za a rushe murhun yayanka kana yawo da sifana a aljihu."

Ya zagaya murhun, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa bulo. Ya ce ba sai an rushe ba. Za a bar ginin yadda yake, a sa masa wuta ta gas a ciki. Na ce ni ba a kawo mini anbuba, wannan tukunyar gas ɗin, ta tashi da ni da tsufana. Ya ce, "In ta tashi da ke ai kin huta hawa bene."

Ranar Laraba ya zo da kaya. Ya fito da wani baƙin ƙarfe zagayayye, faɗinsa kamar faifai, jikinsa duk ƙananan huji. Shi ne kan gas ɗin. Ya sa ni na kwashe toka tas, ya durƙusa ya daidaita ƙarfen a tsakiyar murhun, ya ɗora tukunya ya sauke, ya ƙara bulo a ƙarƙashi, ya sake ɗorawa, har sai da tazarar ta yi masa. Ya ja bututun ƙarfe ta tsohuwar ƙofar itace, daga nan ya haɗa tiyo zuwa anbuba, wadda ya ajiye can nesa a inuwar katanga. Sannan ya ɗauki guduma ya cire bulo guda a gindin murhun, ya cire wani a baya ta sama.

A bayan bulon na sama, jikin busasshiyar laka, sai ga shatin yatsun Malam, inda ya dafa yana gini. Na sa hannuna a kai. Nawa bai cika shi ba. Ƙanin nasa ya ajiye gudumar ya juya baya, ya daɗe yana kallon duwatsu. Ni kuwa ban ɓoye ba, na yi kukana na ƙoshi.

Da muka natsu ya kaɗa ruwan sabulu a kwano, ya bi duk mahaɗa yana shafawa. Ya ce in wuri yana yoyo zai yi kumfa. Wuri ɗaya ya yi, ya ɗaure shi, ya sake shafawa, shiru. Ya koya mini: a fara kunna ashana, sannan a murɗa. In an gama a rufe daga anbuba. Ya sa na yi da hannuna. Wuta ta tashi shuɗiya, a zagaye, ba ko tari. Na saki guɗa ban sani ba.

Ramukan nan biyu ne bai ce mini komai a kansu ba, don kiran aiki ya same shi ya sauka da sauri.

Washegari maƙwabtana suka hawo ganin abin mamaki, wata Basakkwaciya da wata 'yar Maraɗi, duka sa'o'ina. A wurinmu murhu ba ya tarbar baƙo sai an yi masa yaɓe, kamar yadda ake yi in salla ta matso. Gobe mai imara zai zo, ai ba za a nuna masa murhu da giɓi ba. Basakkwaciyar ta kalli ramukan ta riƙe baki.

Ta ce, "Aikin maza ke nan. Ya fasa ya tafi ya bar miki."

Muka kwaɓa laka, muka ɗaura zannuwa a ƙirji. Muka toshe na ƙasa, muka toshe na baya, sai wajen yatsun Malam muka kewaye. Tsohuwar ƙofar itace ma muka liƙe ta, muka bar wa bututu 'yar hanyarsa. 'Yar Maraɗin ta bi da tafin hannu tana lailayewa har ya yi sumul, ta yi masa zane da yatsa a gefe. Muna yi muna waƙar daka, muna dariya kamar 'yan mata. Rabona da irin wannan dariya tun Malam yana da rai.

Juma'a mutane suka fara hawowa, ga mai imara a bayansu da sandarsa. Na yi bisimilla, na kunna ashana, na murɗa, na ɗora tukunya. Wutar ta fito ja, tana lilo kamar mai jin barci. Kafin ka ce me, gindin tukunya ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta wuyanta. Dattijon ya ɗaga sanda ya nuna shi. Na dafa katanga.

Sai ga ƙanin Malam ya hawo, da dardumarsa a kafaɗa. Ya dubi wutar, ya dubi murhun, ya dube mu mu uku.

Ya ce, "Ina ramukana?"

Basakkwaciyar ta ce, "Mun ƙarasa maka aikinka. Ko godiya babu?"

Ya ce, "La ilaha illallahu! Kun toshe masa hanci kun ce ya yi numfashi? Matar yaya, rufe anbuba. Miƙo muciya."

Na rufe. Ya sauke tukunya, ya bar iska ta bi ta cikin murhun, ya sa muciyata ta tuƙin tuwo ya soke lakar ramin ƙasa, ba ta gama bushewa ba, ta faɗa ciki. Ya zagaya ya soke ta baya, ya buɗe ƙofar itace. 'Yar Maraɗin tana ta faɗa, "A hankali, malam, zanena!" Ya kwashe ɓaraguzan da hannu, ya busa hujin ƙarfen, ya ce in sake kunnawa.

Ashana ta fari ta mutu. Ta biyu ta kama. Wutar ta tashi shuɗiya tsaf, tana 'yar ƙara kamar iska na busawa daga nesa. Aka mayar da tukunya. Mai imara ya matso, ya sunkuya da ƙyar ya leƙa ta ramin ƙasa, ya miƙe ya dubi sama, ya shaƙi iska. Ya tafi wajen shanyar mutane ya shinshina wata riga. Ƙanin Malam ya yi masa bayani da Larabci, yana nuna mu, yana kwatanta yadda ake yaɓe. Dattijon ya yi dariya har ya zauna a kan buhun garin masara.

Ya ce, "Kalas, ya Hajja," wato magana ta ƙare. Ya buga murhun da sandarsa a hankali, ya ce a bar shi, ba mai taɓa shi muddin yana raye.

Masu dako suka ɗauki kabbara. Ni dai na zauna a ƙasa, ina dariya hawaye na zuba, na rasa wanne zan fara sharewa. Basakkwaciyar ta zungure ni da gwiwar hannu.

Ta ce, "Tashi, ruwa ya tafasa. Kuma ki wanke muciyar nan, duk laka ce."