Taga Mai Ciki da Gyaran Isuhu

Shekara tara ke nan da muka kai wana Isuhu makwancinsa a nan Gazawa, Allah ya jiƙansa. Shi mai walda ne, ni tela. Shi ke yin ƙarfen da ake rataya labule, ni ke ɗinka labulen, don haka mun shiga ɗakunan mutane da dama tare, daga nan har ƙauyukan Gangara. Bana ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba. Wata taga ce ta tilasta ni.

A yawancin zamaninsa taga taga ce, kusurwa huɗu a jikin bango, sanda miƙaƙƙiya ta ishe ta. Daga baya fatakenmu masu zirga-zirga ƙetaren iyaka suka gano wani sabon gini, tagar da ke turo kanta waje. Mutanenmu ba su sha wahalar neman suna ba, suka sa mata taga mai ciki. Ita kam sai ƙarfe mai lanƙwasa da zai bi bangon. Isuhu ya riski farkonta kafin ciwo ya kwantar da shi. Igiya yake shimfiɗawa ta bi cikin bangon, ya ƙulla alama, sannan ya ƙara taƙi guda dama, taƙi guda hagu. Wannan ƙarin yake kira gyara, kamar yadda mai hatsi ke ƙara maka tafi bayan ta cika tiya. Da gyara labule ke wuce bakin taga ya kwanta a bango, ko mutum ya tsaya daga gefe ba ya hango komai. Ba wanda ya roƙe shi, shi ma bai faɗa wa masu gida ba. Ni kaina na daɗe ina gunaguni cewa ƙarfensa na cinye mini yadi. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ga shi yau babu wanda zan tambaya.

Ɗansa Laminu ne ya gaji rumfar. Ya yi lakol, wato boko, fiye da mu duka, yana da iyalinsa, hannunsa kuma ba laifi. Sai dai shi ba ya aiki da igiya. Yana da ordinatar, wadda 'yan ƙetare ke ce wa kwamfuta, a cikinta akwai wani allo mai gida-gida kamar gurbin dara. Ya yi mini bayani da baka da kibiya: faɗin tagar daga bango zuwa bango shi ne tsarkiya, zurfin cikinta shi ne kibiya. In ya sa waɗannan biyu a gidajensu, sai gida na uku ya fito da tsawon bakan, wato ƙarfen da za a yanka. Na ji, na gyaɗa kai, amma raina bai kwanta ba. Abin da bai taɓa shiga ɗakin ba, bai shafa bangon ba, wa ya gaya masa? Kuma wa ya zuba lissafin a ciki, me ya rage, me ya ɓoye? Ni ban yarda da mai amsa tun ba a gama tambaya ba, ko mutum ne.

Kafin kakar bana wani Alhaji mai fataucin aya ya gama gidansa a Gangara. Taga mai ciki ya yi wa ɗakin iyalinsa, tana kallon hanyar kasuwa. Ya ba ni ɗinkin labule, sannan ya riƙe hannuna.

"Malam tela, da Isuhu ne ba ni tambaya. Ɗan nan nasa hwa? Ka tsaya mashi?"

Na ce ya ba ni lokaci. Gani ya kori ji. Ran da Laminu ya je awo na bi shi, na ce yadi zan gwada, alhali igiya ce naɗe a aljihuna. Da ya fita amsa waya na shimfiɗa ta a cikin bangon yadda ubansa ke yi, na ƙulla alama. Na tabbata zan kama na'urar da ƙarya. Da muka koma rumfa ya yanka ƙarfen bisa abin da ta faɗa, na jira ya juya baya na ɗora igiyata a kai. Daidai wa daida. Ko kaurin farce ba ta rage ba.

A nan ne hankalina ya fi tashi, domin ko kaurin farce ba ta ƙara ba.

Na ce, "Laminu, ina gyara?"

Ya ga igiyar a hannuna, ya yi dariya. "Haba Baba! Kai ko agogo ya ce azahar ta yi, sai ka tambaye shi wa ya aiko shi. To mi ka samu?"

"Na samu ba ta yi ƙarya ba. Amma ina taƙin da tsohonka ke ƙarawa?"

"Ita abin da ka tambaye ta take faɗi. Ƙarfen nan sanda-sanda yake zuwa daga ƙetare. Wagga taga ta cinye sanda guda cif. In na ƙara taƙi biyu sai na ɓata wata, in yi mahaɗi a kan lanƙwasa, labule ya dinga maƙalewa. Mai gida kuwa bai ce in ƙara ba."

Bai yi rashin kunya ba, kuma maganarsa tana da kai. Abin da ban sani ba shi ne, mahaɗin yake gudu ko ɓata sandar. Na dube shi na daɗe, fuskar ubansa ce sak, ban iya karanta komai ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji masu magana, amma ba su ce yana barin mutum ya yi barci ba.

Me Isuhu zai ce da ya ga wannan allo? Ba na jin zai ƙi shi. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara kawo injin walda unguwarmu ana yi masa dariya. Ina jin zai zauna ya sa a nuna masa, ya yaba, sannan ya tambaya a wane gidan allon ake sa matar da ke cikin ɗakin. Ko kuwa ni ne nake sa masa magana a baki, don mamaci ba ya musu? Wataƙila da ya ga tsadar ƙarfen yau shi ma da ya janye hannu. Wannan ma na kasa yankewa.

Alhaji ya aiko neman amsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce masa awo daidai ne, na tsaya masa. Maganar gyara ban ɗauko ta ba, don bai san da ita ba balle ya tambaya. Na saki labulen iya ƙoƙarina, amma yadi ba ya wuce inda ƙarfe ya tsaya.

Ran kasuwar Gangara da ta wuce na bi ta hanyar. Daga gaba tagar ta yi kyau, labule ya bi lanƙwasa lafiya lau, har mutane na tsayawa suna nunawa. Da na gota kaɗan na waiwaya. Tsakanin bakin labule da bango akwai tsaga kamar faɗin yatsu uku, ta cikinta na hango wata baiwar Allah zaune ba ɗankwali, ana yi mata kitso, hankalinta kwance, ta ɗauka a rufe take. Maganata ce ta rataya mata wannan labule.

Isuhu bai bar gida mai bene ba, sunansa ma ya goge a allon rumfar. Abin da ya bari yana can a ɗakunan mutanen da ba su san an yi musu komai ba: taƙi guda na ƙarfe a kowane gefe, ya yi tsatsa, yana aikinsa. A tagar Alhaji kuwa gyaran ya koma wuyan masu wucewa. Ni na kau da kaina, na yi gaba. Bayana kasuwa ce cike, babura da amalanke da samari, kuma ban san mutum nawa ne a cikinsu za su kau da nasu ba.