Kumburin da Ba Ya Zafi

Rake nake ɓarewa da haƙori a ƙofar gidanmu a Kabo, sai na ji haƙorana biyu na ƙasa sun motsa. Na kai harshe, na ji dasashin ya yi tudu, da tauri. Babu zafi ko kaɗan. Raken nan ban ƙarasa shi ba.

Wata uku haɓata tana ƙara faɗi. Inna ta ce hangum ne, ta jiƙa ƙasar gidan zanzaro tana shafa min safe da yamma. Na ce, "Inna, hangum a gindin kunne yake fitowa, kuma na yi shi tun ina firamare."

Ta ce, "To likita, tunda kin gama sakandare ai sai ki ba mu magani."

Da ƙasar ta gaza, Baba ya kira wanzamin gidanmu, wanda ya cire min beli ranar sunana. Ya danna wurin, ya ce mataccen jini ne, tsaga biyu da ƙaho sun ishe shi. Ya buɗe zabira. Na rufe baki da hannu biyu, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba za a tsaga ba sai an ɗauki hoto a asibiti." Ban taɓa musa masa a gaban baƙo ba. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. A na uku ya ce in ɗauko hijabina.

Daga asibitin Gwarzo aka tura mu Kano. Hoto ya nuna rami a cikin ƙashin, kamar kumfar sabulu. Aka gutsiri tsoka kaɗan don gwaji, amma sai da aka daɗe ana dannawa kafin jinin ya tsaya. Baba yana tsaye yana kallo.

Sati biyu ina jira, ciwon daji kawai nake tunani, ban faɗa wa kowa ba.

Da muka koma, likitar ta ajiye takardar gwajin ta dube ni. "Ba daji ba ne. Tsiro ne mai manyan ƙwayoyi, yana cin ƙashi yana ture haƙora, amma ba ya bazuwa a jiki. Za mu kankare shi ta cikin baki. Wani lokaci yakan dawo, don haka za ki riƙa zuwa muna dubawa."

Na ce, "Don Allah ki sake faɗa."

Ta sake, a hankali. Ban tashi daga kujerar ba sai da ta rubuta min ranar aikin.