Lambar Wayata a Jikin Karen Abokina

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, ni da abokina muna haya a wani ɗaki da ke can saman bene a unguwar Ainu Shams. Ni Bakatsine ne, shi kuma daga wani ƙauye yake kusa da Damagaram, ɗan gidan mafarauta. Yana da sikila. Idan ciwon ya tashi sai ya kwana biyu yana murƙususu, idan ya lafa kuma ya tashi yana tsokanata kamar ba shi ba.

Wata rana da la'asar ya shigo da kwali a hannu, yana wani murmushi da ban yarda da shi ba. Na leƙa, sai ga ɗan kwikwiyo ja, duk ƙasusuwa a waje.

Na ce, "Malam, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Baƙo muka yi. Mota ta take uwarsa a bayan tashar jirgin metro."

Nan take na gyara zama na fara jero masa hukunce-hukunce, na kawo maganar najasa, na kawo ta mala'iku, har da ɗaga yatsa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ya shehi, mu Malikawa ne, ka fi ni sanin littafi bai ce kare najasa ne ba. Kuma ba ɗaki zai shigo ba, a kan rufi zai zauna ya yi wa mai gida gadin tantabaru. Kai dai ka fito fili ka ce tsoro kake ji."

Gaskiya ya faɗa. Tun ina yaro da wani kare ya biyo ni har na faɗa kwata da kayan sallah, ban ƙara shiri da jinsinsu ba. Haka muka zauna, su biyu suna harkarsu a kan rufi, ni kuma idan zan hau shanya sai na yi sallama tun daga matakala, kamar mai shiga gidan surukai.

Abin da ban iya musantawa ba shi ne yadda abokina ya canja. Mutumin da sanyi da kewar gida suka sa ba ya son fita, sai ga shi yana tashi da wuri, yana bin mahauta neman ƙashi. Da Hausa yake yi wa karen magana. Idan ya ce "Taho, ɗan gida," daga ko'ina yake sai ya sheƙo.

Ranar da zai kai shi rigakafi ya matsa sai na raka shi. Bayan allurar, likitar dabbobin ta nuna mana wata 'yar na'ura da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Ta ce ana sa ta a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, kuma tana nan har ƙarshen rayuwar dabbar. Abokina ya yi tsalle, ya ɗauka zai riƙa ganin inda karensa yake a waya. Ta yi dariya ta ce a'a, lamba ce kawai a ciki. Idan kare ya ɓata, sai wani ya tausaya ya kai shi asibitin dabbobi, a goga masa abin karantawa, lambar ta fito, a duba rajista, a kira mai shi.

"Wato dai sai an dace da mutumin kirki," in ji abokina.

Ta ce, "Tamam. Wace lambar waya zan sa?"

Duk wanda ya zauna a Masar ya san layin wayar baƙo a ɗaure yake da iƙama, wato izinin zama. Tana ƙarewa ake yanke shi. Ta abokina kullum a makare take, don ba ya iya dogon tsayuwa a layin sabuntawa. Tawa kuwa ba ta taɓa wuce lokaci ba. Ya juyo ya kalle ni. Na ce ko kusa. Ya ci gaba da kallona. Haka ni da ban taɓa ko shafa karen ba, na zama mai shi a hukumance. Har muka iso gida yana kirana Sarkin Karnuka.

Karen ya girma, ya yi kyau. Sai ranar wata ƙaramar Sallah, muna masallacin idi, wani ya bar ƙofar rufi a buɗe, yaran unguwa kuma suna ta fasa abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga. Ko da muka dawo, kwanon ruwansa kawai muka tarar.

Abokina bai bar lungu ba a Ainu Shams. Ya bi bola, ya bi gefen layin dogo, ya tambayi masu gadin gidaje, wasu su ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, wasu su yi dariya su ce karnuka ne suka ƙare a titi? Yawon nan ya tayar masa da ciwo irin wanda ban taɓa gani ba. Daga asibiti sai gida, daga gida sai asibiti, har iyayensa suka ce ya haƙura da karatun ya dawo.

A filin jirgi na shirya masa nasihohi, bai bar ni na yi ko ɗaya ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mutumina, abu ɗaya nake roƙonka. Kar ka bar layin nan ya mutu."

Daga nan duk wayar da za mu yi, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "An kira?" In ce, "Kai ba ka tambayi lafiyata ba?" Ya ce, "Muryarka ta nuna ka ci ka ƙoshi. An kira?" In ce ba a kira ba tukuna. Ya ce, "Za a kira." Muryar tana ƙara yin ƙasa, tambayar ba ta canja ba. Shekara ba ta zagayo ba ƙaninsa ya sanar da ni Allah ya yi masa rasuwa.

Na gama karatu, na tsaya a garin ina yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida tafinta. Na canja unguwa, na canja waya, na yi aure, amma layin yana nan. Iƙamata ba ta kai wa ƙarewa nake zuwa in bi layi. Matata ta taɓa tambayata dalili, na fara ba ta labari, na ga ba zan iya ƙarasawa ba.

Wata safiya ina fitowa daga metro a Wustul Balad, tsakiyar birnin, baƙuwar lamba ta shigo. Wani mutum ya ce daga asibitin dabbobi yake a unguwar Ard al-Liwa, can ƙetaren kogi, an kawo musu kare, kuma lambata ce ta fito. Saura kaɗan in ce ya yi kuskure. Sai na zauna a bakin titi.

Ban san yadda kare ya tsallaka kogi ya kai can ba, har yau. Da na isa asibitin na same shi kwance, an ɗaure masa ƙafar baya da tuk-tuk, wato adaidaita-sahu, ya buge, bakinsa ya yi furfura, kunne ɗaya a yage. Kusa da shi wani dattijo ne makanike, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce shekaru ke nan karen yana kwana a garejinsa, tare suke cin abinci. Ya kalle ni da jajayen idanu ya ce, "Ya ustaz, ka zo ɗaukarsa ne?"

Karen bai san ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Me na taɓa yi masa ban da sallama daga nesa? Na durƙusa, na ce, "Taho, ɗan gida." Ya ɗaga kai. Ya kalle ni, sannan ya kalli bayana, wajen ƙofa, ya daɗe yana kallo. Wannan kallon ne ya karya ni. Na ɗora hannuna a kansa, karon farko a rayuwata, na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba.

Na ce wa dattijon, "Khalas, shi ke nan, ya hajji, naka ne." Likitan ya tambaya ko a cire lambata a sa tasa, na ce a sa.

Da na fito na kira mahaifiyar abokina, na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Ɗan nan, ashe da gaske yake? Kwanakinsa na ƙarshe ba ya cewa komai sai 'an kira?' Mu muka ɗauka zafin ciwo ne, muna ta tofa masa addu'a." Ta ja numfashi ta ce, "To alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Idan na tuna wannan lamari, ba na'urar nake fara tunawa ba, duk da ta yi aikinta. Abokina nake tunawa, da ya yarda cewa a garin nan mai cunkoso, da kowa ke ta kansa, akwai wanda zai sunkuya ya ɗauki karen titi ya kai asibiti. Ni ban yarda ba. Don kar in karya masa zuciya kawai nake cewa tukuna. Shi ne ya yi gaskiya, kuma shi kaɗai ne bai ji ba.

Layin yana hannuna har gobe, ko da yake babu wanda zai sake nemana a kansa saboda kare. Wani lokaci idan baƙuwar lamba ta shigo, sai in tuna akwai amsar da nake riƙe da ita, mai tambayar kuma ba ya nan. Allah ya jiƙanka, mutumina. An kira.