Ƙarafan Adon Motar Malam Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sale mai fentin mota. Duk zaman da muka yi ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Yanzu ma hannu ne ya rubuta, hannun da bai iya riƙe alƙalami ba sai da na fita takaba na shiga ajin manya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutanen Daura da suka san shi za su tuna rumfarsa a bakin hanyar Zango, da tsohuwar motar nan ƙirar Faransa da ya gada wurin mahaifinsa. Kaji na ƙwai a cikinta ya same ta. Ya yi shekaru yana tayar da ita, duk lokacin da aikin mutane ya yi sauƙi. Kafin ya yi mata fenti sai ya cire duk fararen ƙarafan adonta: bambar gaba da ta baya, zoben fitilu, da dogayen sandunan nan masu ƙyalli da ke bin gefenta tun daga hanci har baya. Ya shafe su da giris, ya naɗe da tsofaffin zannuwana, ya tura ƙarƙashin gadona. Ya ce sai fenti ya kama jiki sosai ake mayar da su, in an yi gaggawa su bar tabo. Fentin ya kama. Malam ne bai ƙara tashi ba.

Bari in faɗi abin da ya ci shi, tunda masu sana'ar ba sa son a faɗa. A rufaffiyar rumfa yake feshi, don kada iska ta ɗora wa aikin datti, kuma fuska a buɗe. In ya gama sai ya huda gwangwanin madara ya shanye, kamar yadda ubangidansa ya koya masa, wai tana wanke fenti daga ƙirji. In ya fyace hanci, launin motar da ya yi ranar ke fitowa, har yara na dariya suna cewa yau shuɗiya Baba ya yi. Da numfashi ya gagara muka kai shi Katsina. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Masu zuwa gaisuwa suka ce ajali ne. Na yarda da ajali, ba na jayayya da Ubangiji. Amma ni na riƙe masa tasa wata da watanni, na ga abin da yake tofarwa.

Autanmu Habu shi ya gaji rumfar. Yanzu magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu. Bana ya yaye tamfol daga kan motar, ya tarar fentin ubansa ya tsattsage. Ya zo ya ce in ba shi ƙarafan, amma sai ya sake fesa motar gaba ɗaya, don ba a ɗora ƙarfe mai ƙyalli a kan mataccen fenti. Na ce zan bayar, da sharaɗin ya sa abin rufe hanci na gaske, mai tace iska, ba ƙyallen da ake ɗaurawa don ganin ido ba. Ya yi dariya. Ya ce abin zafi ne da shi, kuma abokan aikinsa za su ce ya zama kwaɗo.

"Inna, Baba ma ai bai taɓa sawa ba."

"Shi ya sa kake zuwa wurina neman kayansa, ba wurinsa ba."

Ya ce to, ya ji. Na ba shi rabi, na riƙe rabi, don na san jinin da ke jikinsa.

Bayan ya fesa motar, ranar da zai mayar da su na je rumfar da kaina. Sandar gefe doguwa ce, sai da mutum biyu. Na riƙe ƙarshenta, shi kuma yana jera ƙananan maƙalai a tsofaffin ramukansu, yana danna ƙarfen da tafin hannu ta kan tsumma, a hankali, har ya ji ya kama. Bai huda sabon rami ko ɗaya ba. Ya ce tsatsa ta nan take shiga. Maganar ubansa ce, har yadda yake karkata kai ya hango ko layin ya miƙe. Sai ya sunkuya kusa da ni, na ji ƙirjinsa yana wani siririn fito. Na san sautin nan, da shi na yi shekaru ina kwana. Na waiwaya, sai ga abin rufe hancin rataye a ƙusa cikin ledarsa, ko buɗe shi ba a yi ba. A ƙarƙashin benci kuma gwangwanayen madara ne hudaddu.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga wannan. Ba zan yi masa ƙarya don ya riga ya mutu ba. Zai zagaya motar, ya shafa sandar da bayan hannu, ya ce yaro ya iya aiki. Tarin kuwa zai ce sanyi ne, a ba shi citta. Mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa a aiki ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya bar wa ɗansa hannu mai kyau da gaskiya a sana'a, ya kuma bar masa taurin kan da ya kai shi kabari. Da ma ana raba gadon nan, da na zaɓar wa yaron.

Na gaya wa Habu a gaban matarsa, sauran ƙarafan ba za su fita daga ɗakina ba sai ya kawo mini hoton ƙirjinsa na riƙe da hannuna. Ya yi fushi, ya daina cin tuwona. 'Yan'uwan ubansa sun aiko a ce mini ina tozarta aikin mamaci. Sun faɗi nasu. Motar tana nan bakin hanyar Zango, gefe ɗaya da ado, ɗaya gefen ramuka ne a jere. Duk wanda ya wuce ya ga muninta, ni ce na hana. Na riga na binne mai fenti ɗaya.